Tarihin Hatimin Intanet: Kwaɗo Ba Shaidar Amana Ba Ne

Yau na ajiye labarin soyayya gefe, mu ɗan taɓa tarihi.

A da can, lokacin da ganuwa ke kewaye da birnin Katsina, in dare ya yi akan rufe Ƙofar Kaura da sauran ƙofofi, wasiƙar sarki kuwa hatiminta ake dubawa kafin a gaskata ta. Yau a wannan unguwa 'ya'yanmu ke neman makaranta da aiki ta intanet. To can ma akwai hatimi, wato takardar shaidar tsaron shafi.

Kamfanin Netscape na Amurka ne ya fito da tsarin SSL a 1995, don a ɓoye abin da ke wucewa tsakaninka da shafi. A 1999 aka gyara shi ya koma TLS. Alamarsa ita ce ɗan kwaɗon nan na kusa da adireshi.

Takardun iri uku ne. DV tana shaida cewa adireshin yana hannun mai ita, shi ke nan, kuma cikin mintoci ake samunta. OV sai an duba rajistar kamfani. EV, wadda aka kafa ƙa'idojinta a 2007, ta fi tsananin bincike, har a da sunan kamfani kan fito da kore. Wajen ɓoye bayani duk ɗaya suke, binciken mai shafin ne ya bambanta su.

A 2011 ɓarayi suka kutsa wa DigiNotar, wani kamfanin ba da takardun a Holan, suka buga ta bogi da sunan Google, aka leƙi asirin mutane a Iran. A shekarar kamfanin ya durƙushe. A 2015 Let's Encrypt ya fara raba DV kyauta. Mai ƙaramin ƙarfi ya samu, ɗan damfara ma ya samu. A 2019 Chrome da Firefox suka daina nuna sunan kamfanin EV a sama, a 2023 kuma Chrome ya cire kwaɗon ɗungurungum, saboda mutane na ɗaukarsa shaidar amana.

Ni dai shawarata, kafin ka ba wani shafi lambar BVN ko ta katin banki, karanta adireshinsa harafi bayan harafi. Na gwamnatin Najeriya galibi da gov.ng yake ƙarewa. Kama da wane ba ta wane. Allah ya tsare mu.