Harajin Wanda Ya Kwana a Mararaba Ya Yini a Abuja

Kowace safiyar ranar aiki, hanyar Keffi zuwa Abuja kan cushe tun daga Masaka har Nyanya da ma'aikatan da suka kwana a jihar Nasarawa, za su kuma yini a ofisoshin babban birnin tarayya. Haka abin yake ta wajen Suleja da Madalla a jihar Neja, haka nan a kudu, inda mazauna Mowe da Ibafo da Ota na jihar Ogun ke kwarara zuwa Legas. A ƙarshen wata akan cire wa kowannensu haraji kafin albashin ya iso hannunsa. Baitulmalin wa ya kamata kuɗin ya shiga? Dokar harajin kuɗin shiga ta 1993, wadda aka yi wa gyara a 2011, ta ce na jihar da mutum yake zaune ne a ranar 1 ga Janairu, ko da a wata jihar yake neman abincinsa. Sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ma kan mazauni suka tsaya. A ganina wannan ƙa'ida daidai take, kuma gardamar da ake yi a kanta ba daga doka ta taso ba, daga rashin aiwatar da ita ne.

Dalili na farko shi ne inda nauyi yake. Ma'aikaci shi kaɗai yake tsallaka iyaka da safe, iyalinsa ba sa binsa. 'Ya'yansa a makarantar firamare ta Karu suke, matarsa a asibitin unguwa take zuwa awo, sharar gidansa a kwatar Mararaba take taruwa, ruwan da suke sha kuwa sau da yawa na mai ruwa ne a kura, domin famfo bai iso ba. Waɗannan su ne hidimomi masu cin kuɗi, kuma duk makwanci suke bi. Garuruwan nan ba da shirin Nasarawa suka kumbura ba. Tsadar haya a Abuja da rusau ɗin da aka yi zamanin da Malam Nasir El-Rufa'i yake ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, su suka tura dubban mutane waje. Idan aka bar wa Abuja harajinsu, ya zama ta kori jama'a ta riƙe kuɗinsu, kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ɗaura haraji a kan mazauni ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa: harajin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke a Kano da Kaduna a 1979, ta hannun mai unguwa da dagaci ake tara shi, wato ta inda mutum yake kwana.

Masu sukar ƙa'idar suna da hujja mai nauyi. Sukan ce birnin da mutum yake yini shi ma ɗawainiya yake yi da shi: tituna, fitilun hanya, tsaro, motar kashe gobara, har asibitin da za a kai shi idan ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Gaskiya ne. Sai dai birnin aiki yana da hanyoyin samu da garin kwana ba shi da su. Yana karɓar kuɗin ƙasa da harajin gine-gine daga manyan ofisoshi da otal-otal, yana karɓar kuɗin rajistar wuraren kasuwanci, kuma abincin ranar ma'aikacin da sayayyarsa a kasuwar Wuse a nan suke zama. Abuja ma, bayan wannan, tana da kasafin da majalisar tarayya ke amince mata. Akwai misali daga Amurka: dokar da ta ba birnin Washington ikon gudanar da kansa a 1973 ta hana shi ɗora haraji kan albashin masu shigowa aiki daga Maryland da Virginia. Hukumomin birnin sun daɗe suna kuka da hakan, amma birnin bai durƙushe ba.

Amurka ɗin ce kuma ke nuna abin da zai biyo baya idan aka ce kowace jiha ta yagi rabonta. A can jihar da mutum yake zaune tana iya cin haraji a kan dukkan abin da ya samu, jihar da ya yi aikin ita ma ta ci nata, sannan a zo ana lissafin ragi domin kada a yanke shi sau biyu. Sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani a 2015, a shari'ar Wynne, ta ce tsarin Maryland da bai bayar da cikakken ragin ba ya saɓa wa tsarin mulki. A New York, wanda yake da gida a jihar, ya kuma yi fiye da kwana 183 a cikinta, mazauni ne a idon hukuma, saboda haka masu hali kan riƙa ƙidayar kwanakinsu da ajiye rasit. Suna yin haka ne domin kowace jiha da nata ma'auni, wasu kuma, irin su Texas da Florida, ba sa karɓar harajin albashi sam. A Najeriya majalisar tarayya ce ke yanke yawan harajin, jihohi karɓa kawai suke yi. Abin da za a cire wa mai albashi a Lafiya shi za a cire masa a Garki, don haka babu ribar da zai ci idan ya ɓoye mazauninsa.

To me ya sa kuɗin ke ɓacewa a hanya? Amsar tana teburin akanta. Doka ta ba ma'aikata zuwa 10 ga watan da ke biye ta miƙa abin da ta cire, kuma ya fi wa akanta sauƙi ya tura duka ga hukuma ɗaya, wadda jami'anta ke iya ƙwanƙwasa masa ƙofa, a kan ya rarraba wa jihohi uku. Adireshin da ke fayil ɗin ma'aikaci kuwa sau da yawa na gidan kawun da ya sauka ne shekarar da aka ɗauke shi aiki. Legas da Ogun sun rattaba hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa a 2021, kuma batun haraji na cikinta. Abuja da maƙwabtanta ma abin da suke bukata ke nan: a wajabta sabunta adireshi kowace Janairu, a haɗa shi da lambar haraji, jihohi kuma su riƙa daidaita lissafi a tsakaninsu.

Wuri ɗaya ne nake ganin dokar ta 1993 ta karkace. Ta ce mai albashin da yake da mazauni biyu, wanda ya fi kusa da wurin aikinsa shi ne abin lura. Ke nan magidancin da iyalinsa ke Zariya, shi kuma ya kama ɗaki ciki da falo a Kubwa yana komawa gida duk Juma'a, na Abuja ne, alhali Kaduna ce ke karantar da 'ya'yansa. Wannan ya ci karo da dalilin da aka gina ƙa'idar a kansa, kuma gyaransa shi ne a ba gidan da iyali suke fifiko. Yanzu da sabuwar doka ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara, mafi yawan kuɗin zai fito ne daga manyan ma'aikata, su ne kuwa suka fi iya riƙe gida biyu.