Asalin Maɓallin Start da Yadda Ya Iso Ƙasar Gwandu

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta, ko a sakatariyar ƙaramar hukuma a Gwandu, ko a ɗakin karatu na Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, ko kuwa a shagon buga takardu irin wanda mutumin Dalijan kan nufa idan zai yi wa ɗansa rajistar jarrabawa, ya san akwai wani ɗan maɓalli a ƙasan allo wanda in an danna shi sai sunayen manhajoji su jeru, mutum ya zaɓi wadda yake bukata; amma kaɗan ne suka san cewa wannan abu, da ake ganin kamar tare aka ƙera shi da na'urar tun fil azal, ko jihar Kebbi ta girme shi, domin ita an ƙirƙiro ta a watan Agusta na 1991, shi kuwa sai ranar 24 ga Agusta, 1995 ya bayyana, bayan masana sun sha gwaji da jayayya a kan mas'ala guda: shin mai na'ura ne zai tsara jerin kayan aikinsa, ko kuwa kamfani ne zai tsara masa?

Kafin zuwansa, lokacin da MS-DOS na 1981 ke mulki, wanda ya kunna kwamfuta ba abin da zai tarar sai baƙin allo da harafin C yana jiransa. Wajibi ne ya haddace sunan manhajar da wurin da take ajiye, ya rubuta su harafi bi harafi, in ya yi tuntuɓe da ɗigo ɗaya na'ura ta ce ba ta san zancen ba. Masu bincike na kamfanin Xerox a Palo Alto sun riga sun gwada wata hanya tun 1973, ta amfani da 'yan hotuna da linzami, kamfanin Apple kuma ya kai ta kasuwa da Macintosh a 1984, sai dai tsadar waɗannan na'urori ta sa jama'a ba su same su ba.

A 1990 Microsoft ya fitar da Windows 3.0, a cikinsa akwai abin da aka kira Program Manager, wato wata babbar taga mai ɗauke da ƙananan tagogi, kowace da rukuninta: wannan ta kayan aikin yau da kullum, waccan ta wasanni. Niyyar kyakkyawa ce, amma aibinta biyu ne. Ba a iya sa rukuni a cikin rukuni, saboda haka duk sabuwar manhajar da aka ɗora sai ta kafa tata tagar, har su yi yawa su haɗe wa mutum kai. Sa'an nan da zarar an buɗe takardar aiki sai ta rufe babbar tagar ɗungum, baƙon na'ura ya zauna yana zaton komai ya salwanta, alhali yana nan a ɓoye daga baya.

Wanda ya warware wannan mushkila wani matashi ne mai suna Daniel Oran, wanda ya yi karatu a Jami'ar Harvard tare da B. F. Skinner, shahararren masanin halayyar ɗan Adam da dabbobi, har ma ya taɓa aikin ƙera na'urar koya wa birai sadarwa. A 1993, yana kallon mutanen da aka gayyato gwaji suna fama da Windows, cikinsu har da injiniyoyi masu zurfin ilmi, sai ya fahimci cewa laifin ba na basirarsu ba ne, na tsarin ne, tun da ba a nuna wa kowa inda zai soma ba. Ya kawo shawarar maɓalli guda wanda ba ya gushewa daga wurinsa komai yawan tagogin da aka buɗe, kuma duk abin da ke cikin na'urar ana iya kai gare shi ta nan. Da farko an rubuta System a kansa, mutane suka riƙa kauce masa don tsoron kada su ɓata wani abu. Da aka sauya zuwa Start, sai hannu ya riƙa kai kansa. Masu ba'a sun daɗe suna cewa abin mamaki ne a ce mai son kashe na'ura sai ya danna inda aka ce a fara, amma ba'ar ba ta hana shi zama ba.

Ya kamata a tsaya a nan a fahimci haƙiƙanin abin, domin galibin ruɗanin da ake samu daga jahiltar wannan yake tasowa. Sunayen da ke cikin jerin ba su ne manhajojin ba. 'Yan manuniya ne kawai, kowanne yana nuna inda tasa manhajar take. Almajirin ilmi a ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar gadon tafsiri da fiƙihu da nahawu, ba zai sha wahalar gane wannan ba, gama ya san fihirisar littafi bugun Misra ko Bairut: tana faɗa maka babin tsarki yana shafi kaza, babin gado yana shafi kaza, in ka yage ta babu babin da ya ragu, in kuwa ka tafi da ita kaɗai ka bar mujalladin a gida, to ba ka ɗauko komai ba. Sau da yawa yaron shago kan jawo sunan CorelDRAW daga jerin ya zuba a filasha, ya hau babur ya kai wa abokinsa a Kambaza ko Dodoru yana murna ya kwafo manhaja, a can a danna a ga ba ta buɗewa. Da ya duba da kyau, da ya ga 'yar kibiya lanƙwasasshiya a gindin hoton, kuma nauyin abin bai wuce 'yan kilobait ba. Haka nan wani kan ji tsoron share sunan da ba ya bukata, yana zaton zai halaka manhajar, sai jerin ya yi ta tsawo.

Daga nan tarihin ya zama na ja-in-ja. A Windows 98 an yarje wa mutum ya ja suna da linzami ya ajiye inda ya ga dama. A Windows 2000 kamfanin ya ga ya fi mai na'ura sanin maslaharsa, ya sa jerin ya riƙa ɓoye sunayen da aka daɗe ba a taɓa ba, abin da ya fusata mutane da yawa, domin wanda ya saba ganin abu a wuri ɗaya ba ya son ya wayi gari ya tarar an kawar masa. Windows XP, a watan Oktoba na 2001, shi ne ya yi sulhu mafi adalci a ganina: ya raba jerin gida biyu, a sama ta hagu mai na'ura ya maƙala abin da ya zaɓa da kansa, a ƙarƙashi na'ura ta jera waɗanda ya fi yawan buɗewa, dama kuma ta zama ta takardu da saituna. Vista ya ƙaro akwatin nema a 2007, Windows 7 ya inganta shi a 2009. Akwatin neman yana da fa'ida babba ga wanda ya san sunan abin da yake so da yadda ake rubuta shi da Turanci, amma ga wanda da launin hoto yake gane manhaja, kuma irinsu ba kaɗan ba ne a garuruwanmu, komawa ce ga haddar zamanin DOS ta wata ƙofa.

Sai babbar fitina ta 2012. A ranar 26 ga Oktoba aka fitar da Windows 8 babu maɓallin ko kaɗan, an maye gurbinsa da allo cike da manyan murabba'ai masu launi, waɗanda aka tsara domin masu shafa gilashi da yatsa. Jama'a suka ƙi. Aka yi ta ɗora wata manhaja ta kyauta mai suna Classic Shell, wadda Ivo Beltchev ya rubuta, da wata ta sayarwa mai suna Start8, don a dawo da tsohon jerin da ƙarfin tsiya; kafin shekara ta zagayo Windows 8.1 ya mayar da maɓallin, a ranar 29 ga Yuli, 2015 kuma Windows 10 ya mayar da jerin kansa. Mutanen Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta daban da Windows, su ma sun sha irin wannan saɓani: da GNOME 3 ya watsar da tsohon tsari a 2011, sai wasu suka ɓalle suka kafa MATE da Cinnamon. A wajensu kowace manhaja tana zuwa da 'yar takardar da ta bayyana rukuninta, ko ofis, ko zane, ko intanet, jerin ya tsara kansa bisa wannan, wadda kuwa ƙa'ida ce da ta fi ta Windows hikima, inda kowane kamfani ke buɗe jaka da sunansa.

Abin lura shi ne, shekarun wannan rikici su ne shekarun da kwamfuta ta zama lalura a yankinmu. An kafa jami'ar jiha a Aliero a 2006, ta tarayya a 2013, a wannan shekarar kuma hukumar JAMB ta soma jarrabawa da kwamfuta, ta mai da ita tilas ga kowa a 2015, ta yadda ɗan Dalijan ko Malisa da bai taɓa riƙe linzami ba dole ya nemi inda zai koya kafin ranar. Na'urorin da suka iso kuwa galibinsu na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, saboda haka abin da can ya zo ɗaya bayan ɗaya, nan sai ya zo a tare: a shago guda kana iya ganin Windows 7 a kan teburin buga takardu, Windows 10 a kan na shiga intanet.

Mai gyara idan ya wanke na'ura, bisa al'ada yakan zuba mata duk abin da ke cikin filasharsa, da wanda za a yi amfani da shi da wanda ba za a taɓa ba har abada, don a ce ya yi aiki. Gogaggen mai shago, wanda ya san janareto na shan fetur ga kuma layin mutane suna jira, ba ya barin ta haka. Yakan danna gefen dama na linzami a kan Word, da CorelDRAW na katin ɗaurin aure da na walimar sauka, da manhajar sikana, da burauza ta duba sakamakon WAEC da NECO, ya maƙala su a gaba, ya cire sauran. Wanda ya ƙara zurfi yakan danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta shell:programs, jakar manuniyar ta buɗe, ya yi ƙananan jakunkuna da sunayen da ya ga dama, ta rubutu daban, ta zane daban. Malamin da ke da Maktaba Shamila da mushafi a na'urarsa shi ma haka yake ware su wuri guda. Sai dai jakar iri biyu ce, akwai ta kowane mai shiga da sunansa, akwai ta gamayya, kuma a na'urar makaranta da ɗalibai ke karɓa-karɓa ta gamayyar ce ya kamata a gyara, in ba haka ba gyaran mutum ɗaya kaɗai zai amfana.

Windows 11, wanda ya fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, ya ɗauke maɓallin daga kusurwarsa ya kai tsakiya, ya zubar da murabba'an nan, ya keɓe sashen ƙasa ga abin da na'ura ke ba da shawara, ko da yake ana iya mayar da shi hagu daga saituna, a 2022 kuma aka yarda a tara manhajoji cikin 'yan jakunkuna. Amma yana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba, musamman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma kamfanin ya rufe tallafin Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Masu irin waɗannan na'urori a Gwandu da Kalgo manyan hanyoyin da ke gabansu uku ne: su zauna kan tsohon tsari ba tare da sabuwar kariya ba, ko su nemi kuɗin wata na'urar, ko su koma ga Linux Mint, wanda jerinsa na Cinnamon yake a kusurwar ƙasa ta hagu, rukuni-rukuni, kusan yadda hannunsu ya saba tun zamanin Windows 7.