Silsilar Ilmin Lanƙwasar Haske

Duk wanda ya daɗe yana karantar da fiziks a sakandare ya san cewa babu mas'alar da ɗalibi ke warwarewa da gaggawa, kuma yake mantawa da gaggawa, kamar ta lanƙwasar haske. Domin da zarar an ba shi kusurwar da haske ya faɗa ruwa da ita, aka ce masa ma'aunin lanƙwasa na ruwa 1.33 ne, sai ya nemo sain, ya raba, ya ja layi ƙarƙashin amsa, alhali bai san cewa ƙa'idar nan ta ɗauki kusan ƙarni goma sha biyar kafin ta tabbata a hannun masana ba.

Batalamiyus na Iskandariyya, wajen shekara ta 150 Miladiyya, shi ne ya bar mana jadawalin lanƙwasar haske mafi daɗewa. Ya tsoma rabin faifan tagulla mai alamun digiri cikin ruwa, ya rubuta cewa hasken da ya shiga a digiri 10 yana komawa 8, wanda ya shiga a 80 kuma yana komawa 50, ko da yake haƙiƙarsa 47 da rabi ce da 'yan kai. Masu tahƙiƙi da yawa suna ganin ya gyara alƙalumansa ne don su bi tsarin da zuciyarsa ta natsu da shi, kuma ni ban san cutar da ta fi wannan addabar ɗalibanmu a ɗakin gwaji ba har yau.

Sai a wajen 984, a Bagadaza, Ibnu Sahal ya wallafa risala a kan madubai da gilasai masu ƙona abu da hasken rana, inda ya nuna ta hanyar handasa cewa akwai nisba guda tsakanin tsawon layuka biyu wadda ba ta canzawa ko ta wace kusurwa haske ya shiga. Wannan kuwa ita ce ƙa'idar da muke karantarwa, illa dai ba da lafazin sain ya faɗe ta ba. Warƙoƙin risalar sun rarrabu, wasu a Dimashƙa, wasu a Tehran, har sai da Rushdi Rashid ya harhaɗa su ya bayyana wa duniya a 1990. Ibnul Haisam, wanda ya keɓe juzu'i na bakwai na Kitabul Manazir ga wannan babi, bai kawo ƙa'idar ba, amma ya tsaya a kan cewa haske yana rage sauri a cikin jiki mai kauri, ra'ayin da gwajin Foucault ya gaskata a 1850. Snell na Leiden ya sake gano ƙa'idar a 1621, ya rasu bai buga ba. Descartes ya buga a 1637, shi ya sa Faransawa ke jingina ta gare shi.

Amma inda na fi son mai karatu ya dakata shi ne kusurwar iyaka. Idan haske ya fito daga gilashi zuwa iska, yana karkacewa ne ya nisanci layin da ya tsaya cak a kan fuskar gilashin, kuma yayin da ake ƙara kusurwar, za a kai wani matsayi da zai kwanta a kan fuskar, bayansa kuwa ba ya fita sam, sai ya koma ciki baki ɗaya. Kepler ya lura da haka a 1611, ya ƙiyasta iyakar gilashi a wajen digiri 42, tun ba shi da ƙa'idar a hannu. Ta ruwa kimanin 49 ce, ta daimon 24, wanda shi ne sirrin walƙiyarsa. To, sau da yawa nakan ga ɗalibi a aikin gida ya yi hisabi daidai, sain ɗinsa ya zarce ɗaya, na'urar lissafi ta ƙi ba shi amsa, sai ya soke aikin yana zaton ya yi kuskure, alhali ƙin nan shi ne jawabin: babu hasken da ya fita. Da ya taɓa gani da idonsa, da bai soke ba.

A kan wannan iyaka Colladon ya bi da haske cikin ruwa mai tsartuwa a Janeba, ya buga bayaninsa a 1842, kuma a kanta Charles Kao da Hockham suka kafa hujja a 1966 cewa zaren gilashi mai tsabta zai kai saƙo nesa, irin zaren da ke ƙarƙashin teku yana kawo intanet gaɓar Legas.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana malamai, kafin ku rubuta ƙa'idar a allo, ku ba yara guntun gilashi da fil huɗu da ma'aunin kusurwa, su auna da hannunsu, su rubuta abin da suka gani ba tare da sun gyara ba.