Baɗili da Wofi

Baɗili aro ne daga Larabci. Harafin "ɗa" na Larabawa ya zo bakinmu kamar yadda ya zo a ɗalibi da ɗahara. Malami a Filinge zai ce aure ya zama baɗili in aka rasa waliyyi: an taru, an raba goro, amma shari'a ba ta san da shi ba. Turkawa ma sun ari kalmar, suna cewa "batıl", har camfi suke kira da ita.

Wofi kuwa, mai ma'ana kusa da ta baɗili, tamu ce, kuma ta fi ciwo. Bakurfaye, wato mutumin yankin Filinge, mai cewa tahi maimakon tafi, "wohi" zai ce da rumbun da gero ya ƙare. Kada a kuskura a jefi mutum da ita gaban surukansa.