Yadda Aka Fara Auna Ƙarfin Ƙasa

Ƙasar Bici jigawa ce galibinta, mai daɗin garma, mai yin gero da gyaɗa. Amma ƙasar da ta yi wa manomi ba lalle ta yi wa magini ba. Tun zamanin kakanni maginin ƙasar Kano ba ya haƙa kududdufi sai ya ɗebi ƙasar ya jiƙa ta, ya dunƙule, ya murza a tafin hannu. In rairayi ya yi mata yawa sai ta wargaje, in kuwa yumɓu ya rinjaya, tubalin zai tsage da ya sha rana. Da irin wannan sanin aka ɗaga ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya soma wajen shekara 900 da suka wuce.

Abin da hannu ya sani, Turawa suka mai da shi lissafi. A 1911 wani masani na ƙasar Suwidin, Atterberg, ya tsara a riƙa murza jiƙaƙƙen yumɓu har ya yi siriri kamar tsinke, sa'an nan a auna ruwan da ke cikinsa lokacin da ya soma kakkaryewa. Watau dai murzar maginin nan ce, sai ma'auni da aka ƙara mata.

A 1933 kuma wani injiniya na Amurka, Proctor, mai aikin madatsun ruwa, ya fito da awon daɓe. Akan zuba ƙasa cikin gwangwanin ƙarfe hawa 3, kowane hawa a sakar masa guduma sau 25, a auna nauyi. Sai a ƙara ruwa kaɗan a sake. Ta haka aka gane kowace ƙasa tana da gwargwadon ruwan da ta fi daɓuwa da shi, in ya gaza ko ya zarce ba ta kamawa sosai. Matan da ke daɓen ɗaki ba za su yi mamakin wannan ba.

Amfaninsa ya bayyana a Jihar Kano sa'ad da Gwamna Audu Baƙo ya ɗauki aikin tare koguna. Aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Watari kuwa, a ƙasar Ɓagwai maƙwabciyar Bici, a 1980. Dukansu tudun ƙasa ne da aka daɓe hawa-hawa, ga tafki a bayansa, ga garuruwa da gonaki a gabansa. Abin ba na wasa ba ne: a watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar Bagauda ta ɓalle, ruwa ya ci gidaje da gonaki da rayukan mutane.