Aquarius, Gidan Bincike a Ƙasan Teku

A shekarar 1986 aka ƙera Aquarius a garin Victoria da ke jihar Texas ta Amurka. Dogon bututun ƙarfe ne mai tsawon kamar mita 13, wanda a da mallakar NOAA ne, hukumar da ke kula da harkokin teku da yanayi. Ƙarancin lokaci ne ya sa aka gina shi. Mai nutson da ya sauka daga jirgi zuwa zurfin mita 20 da kyar yake samun awa ɗaya ko biyu a yini, don iskar naitirojin tana taruwa a jikinsa, in ya yi garajen fitowa ta illata shi. Shi kuwa wanda ya tare a ƙasa har jikinsa ya ƙoshi da iskar, yana iya shafe awa shida ko fiye yana aiki a kan duwatsun murjani, ya biya bashin fitar da iskar sau ɗaya ranar tafiya.

A gaɓar tsibirin St. Croix ya fara aiki. Guguwar Hugo ta ragargaza yankin a 1989, aka ɗauke shi zuwa Wilmington don gyara, sannan a 1993 aka girke shi a Conch Reef kusa da Key Largo ta jihar Florida, a zurfin kamar mita 19.

Mutum shida yake ɗauka: masu bincike huɗu da ma'aikata biyu masu kula da na'urori, yawanci na kwana goma. Ta ƙasa ake shiga. Akwai wani zaure mai rami a daɓensa, teku a buɗe, amma ruwan ba ya hawowa saboda matsin iskar ciki ya danne shi. A nan ake tuɓe kayan nutso, a yi wanka, kafin a wuce ɗakin gadaje masu hawa-hawa. Iska da lantarki daga wata na'ura mai shawagi a saman ruwa suke zuwa, abinci da kwamfutoci kuma a rufaffun tukwane masu nutso ke sauko da su. Danshi ba ya barin komai ya bushe, ciwon kunne kuwa ruwan dare ne. Ko fito mutum ya so yi, sai leɓe ya gagara! Ranar komawa, sai an kulle ƙofa an yi kusan awa 17 ana sassauta matsin iskar sannu a hankali.

Tun 2001 NASA ta riƙa tura 'yan sama-jannati can su saba da ƙunci da kaɗaici.

A ganina rashin kuɗi ya fi guguwa yi wa gidan barazana. A 2012 gwamnati ta janye tallafi, har aka fara maganar rufe shi, sai Jami'ar Florida International ta karɓi ragamarsa a 2013. Shekara guda bayan nan Fabien Cousteau, jikan mai binciken teku Jacques Cousteau, ya kwana 31 a ciki, yana zantawa da 'yan makaranta kai tsaye ta intanet.