Layukan bedi na Majiya da manyan mujallun kimiyya

Lokacin da na shiga aikin gandun daji a Adar, layukan bedin da ke kwarin Majiya sun riga sun fi mutum tsawo. A 1975 aka fara dasa su a ƙasar Buza, ƙungiyar CARE tare da ma'aikatan gwamnati da manoma, layi bibbiyu, domin su tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. A wannan shekarar ce kuma Jule Charney da abokan aikinsa suka fitar da maƙala a mujallar Science, suna hasashen cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari, tana mayar da hasken rana sama, ruwan sama sai ya ragu. Lissafi ne na kwamfuta, kuma lissafi mai kyau. Amma da yake Science ce ta ɗauko shi, sai ya bi duniya, har masu ba da kuɗi suka riƙa zuwa mana da shi a baki, suna kallon makiyayi da manomi a matsayin masu jawo fari.

Haka muka tarar da matakalar mujallu. A can sama akwai Nature ta Ingila, tun 1869, da Science ta Amurka, tun 1880. Ƙasa da su akwai irin su Journal of Arid Environments da Agroforestry Systems. Sai na Faransanci da muka fi iya karantawa, Sécheresse da Bois et Forêts des Tropiques. A can ƙarƙashi kuma rahotannin furoje, waɗanda ƙura ke ci a kabad.

To amma ina ilimin Adar yake? Awon farko da ya nuna hatsi ya fi kyau a bayan layukan bedi, wata ɗaliba ce daga Wageningen ta Holand ta yi shi, ya fito a kundin karatunta a 1980. Furojen Keita, wanda Italiya da FAO suka fara a 1984, da abincin hukumar abinci ta duniya, PAM, a matsayin ladan aiki, ya farfaɗo da fako da gangaren tsaunuka masu yawa, kuma mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun a ka. Zurfin rami, tazarar jerin duwatsu, wane icce ya rayu a dabagi wane ya mutu, mafi yawansu a rahoto suka tsaya. Na ga rahoto guda da ya fi min maƙala goma amfani a gona, alhali babu mai ambatarsa.

Ba na raina manyan mujallun. Su suka gyara kuskuren ɗora wa makiyayi da manomi laifin fari da kansu: Nature a 1986 ta alaƙanta ruwan Sahel da zafin tekuna, Science a 1991 ta nuna da hotunan tauraron ɗan adam cewa bakin Sahara yana matsowa yana komawa gwargwadon damina, sannan a 2003 Alessandra Giannini ta ƙarfafa batun teku. Tacewarsu na da tsauri, kuma idonsu na hangen nahiya sukutum. Abin da ke damuna shi ne ma'aunin da ake jera su da shi, wanda Eugene Garfield ya ƙirƙiro: sau nawa wasu masana suka ambaci maƙalolin mujalla cikin shekara biyu. Bedi kuwa a shekara biyu bai ma fara tare iska ba, kuma manomin Madawa da ya kwaikwayi ramukan tassa a gonarsa ba ya cikin lissafin.

Yau ƙannenmu na Jami'ar Tawa suna neman ƙarin girma ta hannun majalisar ilimi mai zurfi ta CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, kuma dole su buga a mujallun da ake ƙirgawa. Wani daga cikinsu ya tambaye ni ko ya bi diddigin layukan Majiya bayan shekara hamsin, ko ya nemi batun da zai fi saurin karɓuwa a waje. Na ce masa, ƙanena, ka je Majiya, kuma na ba shi tsofaffin rahotanni uku da na ajiye.